Rikicin Kasafin Kuɗin Ribas: Kujerar Majalisa Ta Wa Ce?

Yanzu da dokar ta-ɓaci ta ƙare, Gwamna Siminalayi Fubara ya dawo Fatakwal, 'yan majalisar dokoki su ma sun koma zama, hirar teburin mai shayi a unguwarmu ta sake komawa inda ta saba. Wannan ya ce gwamna aka zalunta, wancan ya ce a'a, gwamna ne ya yi butulci. Can kuma sai wani ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ku dai kuna da ƙarfin musu. Mu da muka zo neman abinci, ina ruwanmu da faɗan masu gari?" A nan galibi maganar ke mutuwa, kowa ya kama gabansa.

Mu a ganinmu maganar ba ta cancanci ta mutu a nan ba. Shekara biyu cur jihar nan ta yi ana jayayya a kan wa ke da ikon amincewa da kasafin kuɗinta, kuma a ƙarƙashin jayayyar akwai tambayar da ta shafi kowane mai hankali, ɗan gari ne ko baƙo: idan jama'a suka zaɓi mutum suka ɗora shi a kujera, kujerar ta zama tasa ke nan? Ko ta jam'iyyarsa ce? Ko ta wanda ya ɗauki nauyin takararsa? Ko kuwa har yanzu tana hannun waɗanda suka tsaya a layi cikin rana suka dangwala?

Bari mu fara tuna yadda abin ya faru, domin da yawanmu guntu-guntu muka ji shi. An rantsar da Fubara ranar 29 ga Mayu 2023, ya gaji Nyesom Wike wanda ya tsaya masa har ya ci zaɓe, shi kuma ya zama Ministan Abuja. Ba a yi wata shida ba zama ya yi tsami. Daren 29 ga Oktoba wuta ta tashi a ginin majalisar dokoki, washegari aka fara yunƙurin tsige gwamna. Majalisar mai kujeru 32 ta rabu biyu. A ranar 11 ga Disamba, 'yan majalisa 27 ƙarƙashin Martin Amaewhule, waɗanda aka zaɓa a inuwar PDP, suka ba da sanarwar komawa APC. Kwana biyu bayan haka gwamnati ta sa aka fara rushe ginin majalisar, ta ce gobara ta lalata shi. A wannan ranar ce gwamna ya gabatar da kasafin 2024 na Naira biliyan 800 a gaban 'yan majalisa huɗu ƙarƙashin Edison Ehie, suka amince, washegari ya sa hannu.

A Janairu 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke wannan kasafi, ta ce a sake kai shi gaban majalisar Amaewhule. Ba a kai ba. A ƙarshen Disamba 2024 ma, kasafin 2025 na sama da Naira tiriliyan 1 a gaban mutum uku aka gabatar da shi, ƙarƙashin Victor Oko-Jumbo. Sai ranar 28 ga Fabrairu 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci: mutum 27 ɗin nan halastattun 'yan majalisa ne, kuma Babban Bankin Najeriya ya dakatar da sakar wa jihar kasonta na asusun tarayya har sai an yi kasafi bisa doka. Ranar 12 ga Maris gwamna ya je harabar da 'yan majalisar ke zama a kan titin Aba, ya tarar da ƙofa a kulle. Shi ya ce ya sanar da su zuwansa, su kuma suka ce ba su samu sanarwa a hukumance ba. Ranar 18 ga Maris Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya dakatar da gwamna da mataimakiyarsa da dukkan 'yan majalisar na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas ya riƙe jihar.

Wannan shi ne labarin a taƙaice. To, mene ne ma kasafin kuɗi da har za a yi wannan dambarwa a kansa? Da yawanmu mun ɗauka lissafi ne kawai, biliyan kaza titi, biliyan kaza asibiti. Alhali kuwa asalinsa izini ne. Kuɗin da ke asusun jiha ba na gwamna ba ne, ajiya aka ba shi. Shi ya sa sashe na 120 na kundin tsarin mulki ya hana a cire kuɗi daga asusun sai da dokar majalisa, sashe na 121 kuma ya ɗora wa gwamna ya kai ƙiyasinsa gaban majalisar kafin shekara ta kama. Mu ma haka muke yi a ƙungiyoyinmu na kasuwa da kwamitin masallaci. Ma'aji shi ke riƙe da littafi, amma ba ya fitar da ko sisi sai shugaba da sakatare sun sa hannu. Ba don muna zarginsa da sata muke yin haka ba. Mun dai san halin kuɗi da halin ɗan Adam, mun kuma san cewa mutumin kirki shi ya fi kowa son a samu shaida a kan abin da ya kashe.

Masu kare gwamna suna da hujja, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ta ba. Suna cewa mutanen da ake so ya kai wa kasafi su ne fa masu neman tsige shi. Da ya kai, da sun riƙe shi sun yi garkuwa da shi, albashi ya tsaya, ayyuka su tsaya. Sun kuma ce ai mutanen nan da bakinsu suka ce sun bar jam'iyyar da aka zaɓe su a cikinta, don haka kujerunsu sun faɗi. Malamin makaranta da ya ga albashinsa na shiga duk wata, da wuya ka gamsar da shi cewa an yi masa laifi.

Amma a duba abin da wannan hujja ke nufi idan aka bi ta har ƙarshe. Sashe na 96 ya ce zaman majalisa ba ya inganta sai da kashi ɗaya cikin uku na membobinta, wato kusan mutum 11 a majalisa mai 32. Idan yau huɗu sun isa saboda gwamnan da muke so ne, gobe me zai hana wanda ba ma so ya ce biyu sun isa? Ko ya kira ɗaya cikin falonsa ya ce an zauna an amince? Ƙa'idar da aka karya don mutumin kirki ba ta gyaruwa ranar da mugu ya zo, a karye zai same ta, ya kuma gode wa wanda ya karya masa. Ban da haka, mazaɓu ashirin da wani abu ba su da bakin magana a wancan zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan majalisa daga Diobu bai san wace makaranta ce rufinta ya yaye a Andoni ko Etche ba, shi ya sa aka ba kowane yanki wakilinsa. Idan kuwa gwamna na ganin kujerun sun faɗi, kotu ce ke da hurumin tabbatar da haka. Wanda ake jayayya da shi ba ya zama alƙali a shari'arsa.

To su kuma masu rinjayen fa? Ikon ƙin amincewa da kasafi iko ne na gaskiya, kuma da ana amfani da shi yadda ya dace a ƙasar nan da mun ji daɗi. Majalisar da duk abin da gwamna ya kawo sai ta ce "na'am" cikin kwana biyu ba ta tsare wa kowa komai ba. Ɗan majalisar da ya tashi ya ce ba zan sa hannu ba sai an rage kuɗin motocin manya an ƙara na magani, ya yi aikin da aka aike shi, ko da hakan ya jinkirta kasafi wata guda. Doka ma ta yi tanadin irin wannan jinkiri, domin sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da kashe kuɗi na ɗan lokaci, har zuwa wata shida, bisa ma'aunin kasafin da ya gabata, don kada gwamnati ta tsaya cak ana cikin muhawara.

Abin da ke raba ƙin amincewa na gaskiya da garkuwa abu ne mai sauƙin ganewa. A tambayi mai ƙin: wane layi ne a cikin kasafin ba ka yarda da shi ba, kuma me za a gyara ka yarda? In yana da amsa, wakilci yake yi. In kuwa amsarsa ita ce sai wane ya sauka, ko sai wane ya je ya durƙusa wa wane, to ya ɗauki abincin jama'a ya mai da shi makamin faɗansa. A duk tsawon rikicin nan, mu dai a unguwa ba mu ji ana musu a kan nawa aka ware wa ruwan sha ko magudanun da ke ambaliya duk damina ba. Abin da muka yi ta ji shi ne wa ke tare da wa. Kuma bayan Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, lokacin da ya kamata mai nasara ya nuna dattaku, ƙofa a kulle aka tarar. Ko da a ce sanarwar ba ta zo daidai ba, wanda ke tuna cewa albashin dubban mutane na rataye da wannan takarda zai buɗe ƙofar tukuna, daga baya a yi maganar wasiƙa.

Yanzu sai mu zo kan kujerar kanta. Duk wanda ya taɓa zaɓe a ƙasar nan ya san ba sunan ɗan takara ke kan takardar ƙuri'a ba, tambarin jam'iyya ne. Tsohuwar da ta dangwala wa lema ta san abin da ta dangwala wa. Shi ya sa sashe na 109 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ce ta rabu ko ta haɗe da wata. Kotun Ƙoli ta ce ba a kawo mata hujjar da ta tabbatar da sauya sheƙar mutum 27 ɗin ba, kuma hukuncin kotu mun karɓe shi, shi ne zaman lafiya. Sai dai kotu da hujjar da aka ajiye a gabanta take aiki. Tambayar da ke tsakanin mutum da lamirinsa tana nan ba ta tafi ba.

Ba mu ce laifi ne mutum ya canza ra'ayi ba. Jam'iyya na iya lalacewa, mutum na iya gane ya yi kuskure. Amma wanda aka aika kasuwa da kuɗi ya sayo gero, ya je ya ga dawa ta fi kyau, abin da ya dace shi ne ya dawo ya tambayi mai kuɗin. Ɗan majalisar da zuciyarsa ta bar jam'iyyarsa yana da hanya mai tsabta a gabansa: ya ajiye kujerar, ya koma mazaɓarsa da sabon tambari, ya nemi a sake zaɓarsa. In suna son sa don kansa ne, za su dawo da shi, kuma ranar nan ba mai iya ɗaga masa yatsa. Abin da ya sa ba kasafai muke ganin haka ba shi ne yawancinsu sun san amsar da za su samu, ko kuma suna tsoron jin ta.

Akwai kuma wani mai da'awar kujerar wanda ba a rubuta sunansa a kundin tsarin mulki ba, amma kowa ya san shi, wato ubangida. A nan ne maganar ta fi taɓa mu, domin mu Hausawa ba ma wasa da halacci. Kusan kowane ɗayanmu a garin nan wani ne ya riƙo hannunsa. Wani ya sauke shi a ɗakinsa, wani ya ba shi jarin farko na albasa ko doya, wani ya tsaya masa wurin mai shago. Kalmar "butulu" a wurinmu ta fi mari zafi. Don haka idan aka ce wane ya juya wa wanda ya yi masa rana baya, nan take zuciyarmu ke karkata. Muna kuma cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gaskiya ne, amma da askarsa zai yi askin, ba da ta maƙwabci ba. A ɗauka maigidanka ne ya kafa ka a kasuwa, shekaru suka wuce, 'yan ƙungiya suka zaɓe ka ma'aji. Ran nan maigida ya zo ya ce ka ba shi kuɗin ƙungiya ya juya, ko ka hana a fitar da kuɗin gyaran rumfuna har sai an cire shugaban da ba ya shiri da shi. In ka ƙi, ka yi butulci? Ko kusa. Bashin halaccin da ke kanka daga aljihunka za ka biya shi, da girmamawa da ziyara da tsaya masa ranar da ya shiga matsala. Kuɗin ƙungiya kuwa amana ce ta mutanen da ba su ci komai a hannun maigidanka ba. Wannan ma'auni ya hau kan kowa a rikicin Ribas, gwamna da 'yan majalisa baki ɗaya. Duk wanda ya biya bashin siyasarsa da kujerar jama'a, ko ya rama gayya da ita, ya yi kyauta da kayan da ba nasa ba.

Kada kuma a ɗauka a Ribas kaɗai ake wannan. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Benin za su tuna 2019, lokacin da Gwamna Godwin Obaseki ke takun-saƙa da Adams Oshiomhole. Majalisar Edo mai kujeru 24 da mutum tara aka ƙaddamar da ita da dare a watan Yuni, wasu zaɓaɓɓu da dama ba a rantsar da su ba, daga baya aka ce kujeru 14 sun zama fanko. Jama'ar waɗannan mazaɓu sun fito sun yi zaɓe, an ƙirga, an bayyana wanda ya ci, amma shekaru suka shuɗe ana kasafi ba tare da muryarsu ba.

Ina aka kwana a Ribas? Gwamnan da ya ga huɗu sun isa ya yi wata shida a waje. Masu rinjayen da suka ci nasara a kotu su ma wata shida suka yi a gida. Kasafin 2025, na kusan Naira tiriliyan 1.48, a Abuja Majalisar Tarayya ta amince da shi, inda jihar ke da sanata 3 cikin 109 da wakilai 13 cikin 360. Wato an fara da hana mazaɓu da yawa magana, aka ƙare da an hana dukkansu. Kowane ɓangare ya yi ta hango laifin ɗaya, laifi kuwa tudu ne, har abin da suke faɗa a kansa ya fita daga hannunsu duka.

Sai mu koma kan mai shayin nan da tambayarsa: ina ruwanmu? An ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta shekara arba'in a wuri ɗaya, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya da jikoki, ta binne iyayenta a nan, ai ta wuce raɓa. Tikitin da ake yankar mana kullum a Mile One da Mile Three da Oil Mill, da kuɗin rumfa, da harajin da ke cikin duk abin da muka saya, ina suke tafiya? 'Ya'yanmu na makarantun gwamnati, matanmu na zuwa awo a cibiyoyin lafiya na jiha, tirelolinmu na bin titunan nan. Idan albashin ma'aikata ya yi jinkiri, mai nama da mai tumatir da mai gyaran takalmi su ne farkon masu ji a jikinsu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar, kuma wanda ya yi rajistar zaɓe a nan, ƙuri'arsa daidai take da ta kowa.

Akwai ma dalilin da ya sa ya kamata mu fi ɗan gari damuwa. Ɗan gari in doka ta lalace yana da dangi da ƙauye da sarkinsa da zai jingina da su. Mu a nan, bayan Allah, ƙa'ida ce kaɗai garkuwarmu. Ranar da aka saba cewa mai ƙarfi na iya tsallake doka in ta takura masa, rumfar baƙo ce farkon abin da za a tsallaka a kai. Saboda haka ba ya cikin maslaharmu mu yi tafi idan an karya ƙa'ida, ko da wanda ya karya ta ya taɓa yi mana alheri.

Wannan ba kira ba ne a ɗauki ɓangare. Hasali ma muna jan kunnen matasanmu, kada a ba su riga da 'yan kuɗin mota a cika fili da su a faɗan da ba su san mafarinsa ba. In an watse, manyan za su shirya a Abuja, mu ne za mu ci gaba da zama da maƙwabtan da suka gan mu a layin gaba. Abin da muke nema ya fi haka sauƙi, ya kuma fi shi wuya. Mutum nawa ne a cikinmu suka san sunan ɗan majalisar jiha mai wakiltar unguwar nan, ko kansilan mazaɓarmu? Mutum nawa ne katin zaɓensu har yanzu na can gida, ba su mayar da shi nan inda suke kwana suke tashi ba? Shugabanninmu in sun kai ziyara gidan gwamnati ko majalisa, su tafi da takardar buƙatu, magudanar ruwa da famfo da ajin makaranta, su kuma koma bayan wata shida su tambayi ina aka tsaya. Haka ake zama mai haƙƙi a wuri.

Daga ƙarshe mu dubi gidanmu. Sau nawa aka yi zaɓen ƙungiya a tsakaninmu, wanda ya faɗi ya ƙi miƙa littafin kuɗi? Sau nawa aka kira taro da dare da mutum biyar aka ce kwamiti ya yanke? Sau nawa aikin masallaci ko na makarantar Islamiyya ya tsaya shekara guda saboda manya biyu ba sa ga-maciji, kuɗin kuwa na nan a ajiye? Abin da muke zargin 'yan majalisa da shi, da ƙaramin ma'auni muna yin sa. Wanda aka ba kujera a cikinmu, ƙarama ce ko babba, ya sani aro aka ba shi, kuma akwai ranar da za a tambaye shi, a nan ko a can.

Allah Ya zaunar da jihar Ribas lafiya, Ya shiryi shugabanninta, Ya ba mu ikon riƙe amana da zama lafiya da maƙwabtanmu. Amin.